Idan Maƙeri Ya Ƙaura, Wa Zai Gyara Kwadon?

 

Kwanan baya tafiya ta kai ni wani gari da ke tsakanin Magarya da Dungas. Bayan la'asar, muna zaune a ƙofar gida ana shan shayi, sai magatakardan wata ƙungiyar manoma, dattijo mai natsuwa, ya ja ni zaure, ya fito da na'ura mai ƙwaƙwalwa irin ta hannu, a naɗe cikin tsohon zane saboda ƙura. Ya ce da ni: "Malam, ga abin da ya hana ni barci. Wani porje ne ya bar mana wannan na'ura lokacin da ya tattara ya tafi. Sunayen mutanenmu duk suna ciki, da wanda ya ci bashin iri, da wanda ya biya, da wadda mijinta ya rasu aka yafe mata. Yaron da ya shirya mana ita ya sa mata kwado, ya ba ni kalmar buɗewa, kuma har yau tana buɗewa lafiya lau. To, ɗana da ke karatu a Damagaram ya zo hutu ya duba, ya ce wai masu ƙera wannan kwado sun yi watsi da shi tun tuni. In ci gaba da amincewa da shi, ko kuwa asirin jama'a a buɗe yake ban sani ba?"

Na duba, sai na ga sunan kwadon TrueCrypt. Na ce masa: "Baba, ɗanka ya yi gaskiya, amma kada hankalinka ya tashi." Na kuma yi masa alkawarin zan warware zancen a wannan shafi, domin tambayar tasa ta wuce ƙungiyar manoma guda. Ta shafi gidajen likita, da ma'aikatun magajin gari, da ƴan kasuwa, da ƴan jarida, da duk wanda aka damƙa wa amanar sunayen mutane.

Da farko bari mu san kwadon da ake magana. Kalmar sirrin nan da ake bugawa kafin kwamfuta ta buɗe, in ita kaɗai ce, ba ta wuce asabari a bakin ƙofa ba: ɓarawo yana iya cire faifan ajiyar da ke cikin na'urar, ya sa shi a wata, ya karanta kome da kome. Manhajar kulle faifai kuwa aikinta dabam ne. Tana ɗaukar duk abin da aka rubuta a faifan ta dagula shi da lissafi, har ya koma tarkacen lambobi marasa kai da gindi, kuma babu mai mayar da shi yadda yake sai wanda ke riƙe da mabuɗi. Dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu, domin malamanmu na zaure sukan musanya haruffa da lambobinsu na hisabi don kada wanda bai kai ba ya karanta. Haka kuma tun ƙarni na 9 masanin nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya bayyana yadda ake tona irin wannan rubutu ta hanyar ƙidaya haruffan da suka fi yawan maimaituwa. Ke nan tsere tsakanin mai ƙera kwado da mai ɓalle shi daɗaɗɗe ne, kuma ba ya ƙarewa.

TrueCrypt ta fito a watan Fabrairu na shekarar 2004, kyauta, kuma tushen rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, kowa yana iya ɗauka ya karanta. Cikin ƴan shekaru sai ta yi suna a duniya. A shekarar 2008 ƴan sandan ƙasar Barazil suka kama faya-fayan wani attajiri mai banki, Daniel Dantas, waɗanda aka kulle wasunsu da ita. Masanan ƙasar suka yi watanni suna fama, aka miƙa wa hukumar FBI ta Amurka, ita ma ta shafe shekara guda ta mayar da su a kulle. Edward Snowden, wanda ya tona asirin leƙen asirin Amurka a 2013, ya taɓa koyar da mutane amfani da ita a tsibirin Hawai a ƙarshen 2012. Sai dai akwai wani abin mamaki: masu ƙera ta ba su taɓa bayyana sunayensu ba. Shekara goma duniya tana kulle dukiyarta da kwadon maƙerin da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.

Ranar 28 ga watan Mayu na 2014, ba zato ba tsammani, aka wayi gari shafin manhajar a intanet ya sauya. Masu ita suka rubuta gargaɗi cewa amfani da ita ba shi da tabbas, domin tana iya ƙunsar kurakuran da ba a gyara ba. Suka ce sun daina aikin tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a watan Afrilu na wannan shekara, suka shawarci jama'a da su koma ga BitLocker, kwadon kamfanin na Microsoft. Suka fitar da sigar ƙarshe mai lamba 7.2, wadda ba ta kulle sabon abu, buɗe tsohon kawai take yi. Daga nan suka yi shiru.

Nan take jita-jita ta cika duniya. Wasu suka ce gajiya ce kawai, mutane sun yi shekara goma suna aiki babu albashi. Wasu suka ce hukuma ce ta matsa musu, suna kafa hujja da abin da ya faru a watan Agusta na 2013, lokacin da Ladar Levison ya gwammace ya rufe kamfaninsa na wasiƙun intanet, Lavabit, da ya ci gaba da aiki bayan an nemi mabuɗansa. Wasu kuma suka ce lalle akwai ɓarauniyar ƙofa a ciki. Amma jita-jita ba ta tabbatar da kwado, ba ta kuma karya shi. Gani ya kori ji.

Abin da ya raba gardama shi ne bincike. Tun watan Oktoba na 2013, kafin masu ita su tafi, wani malamin jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Matthew Green, da abokin aikinsa Kenneth White, suka nemi jama'a su yi karo-karo don a biya ƙwararru su kwance manhajar su duba cikinta. Aka tara sama da dalar Amurka dubu 60. Kamfanin iSEC Partners ya fitar da rahoton kashi na farko a watan Afrilu na 2014, kamfanin NCC Group ya fitar da na biyu a watan Afrilu na 2015. Dukansu sun sami kurakurai nan da can, amma ba su ga wata ɓarauniyar ƙofa da aka gina da gangan ba. Hukumar tsaron na'urori ta ƙasar Jamus, BSI, ita ma ta sa cibiyar Fraunhofer ta duba a 2015, sakamakon bai yi nisa da wancan ba. Wato ranar da maƙerin ya ƙaura, kwadon bai ɓalle ba.

To, ashe dattijon namu sai ya koma barci? A'a. A watan Satumba na 2015, watanni biyar kacal bayan rahoto na biyu, wani mai bincike na kamfanin Google, James Forshaw, ya gano kurakurai biyu a sashen manhajar da ke haɗa ta da Windows, waɗanda masu binciken farko ba su gani ba. Ɗaya daga ciki yana iya ba wanda ya sami ɗan wuri a na'urar damar mallake ta gaba ɗaya. A nan ne illar tafiyar maƙeri ta fito fili, domin babu wanda zai gyara TrueCrypt, kuma ba a gyara ta ba har yau. Wanda ya gyara shi ne wani masani da a lokacin yake zaune a Faransa, Mounir Idrassi, wanda tun 2013 ya ɗauki tushen manhajar ya gina wata a kai mai suna VeraCrypt. Cikin ƴan kwanaki ya toshe ramukan a tasa. A 2016 kamfanin Quarkslab na Faransa ya binciki VeraCrypt ɗin ita ma, ya sami kurakurai takwas masu haɗari, aka gyara akasarinsu a sigar da ta fito tare da rahoton.

Mai karatu zai ce: to ai wadda aka samu da kurakurai takwas ta fi muni. Ba haka ba ne. Babu ginin da ba ya tsagewa. Bambancin gida da kango shi ne, gida yana da mai yaɓe kafin damina. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manhajar da ake bincika ana gyarawa gida ce, wadda aka yi watsi da ita kuwa kango ce, ko da fentinta bai kwaile ba.

A nan ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu: da can a kan me muke amincewa da kwado? Mu a al'adarmu fuska muke dubawa. Muna ba mutum ajiya don mun san ubansa, mun san gidansu, mun san ba zai gudu ba. Wannan ma'auni yana da kyau a kasuwar Magarya, amma a sha'anin na'ura ya sha yaudarar mutane. Ga misalai uku.

Na farko, kamfanin Crypto AG na ƙasar Suwizalan. Kamfani ne mai suna, mai ofis, mai ma'aikata, a ƙasar da ta shahara da rashin shiga rigimar kowa. Ya sayar wa ƙasashe sama da 120 na'urorin ɓoye saƙonni, har da na Afirka. Sai a watan Fabrairu na 2020 jaridar Washington Post da tashar ZDF ta Jamus suka bayyana cewa tun 1970 hukumar CIA ta Amurka da takwararta ta Jamus ne suka saye kamfanin a ɓoye, suna raunana na'urorin da gangan suna karanta asirin masu saye. Wannan maƙeri bai ƙaura ba, kullum yana maƙera, amma ya riƙe wa kansa ɗan mabuɗi.

Na biyu, asalin TrueCrypt kanta. An gina ta ne a kan wata tsohuwar manhaja mai suna E4M, wadda Paul Le Roux, haifaffen Bulawayo ta ƙasar Zimbabuwe, ya rubuta a ƙarshen shekarun 1990. Daga baya wannan mutum ya zama ƙasurgumin mai fataucin miyagun ƙwayoyi da makamai, aka kama shi a Monrobiya ta Laberiya a 2012, kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 25 a 2020. Duk da haka masu bincike ba su sami ɓarauniyar ƙofa a manhajar da ta tsiro daga aikinsa ba. Halin wanda ya fara sara bai isa shaida a kan ingancin gini ba, ko ta alheri ko ta sharri.

Na uku ya shafi magada. Akwai wata ƙaramar manhaja ta matse bayanai mai suna XZ, wadda dubban manyan na'urori a duniya suka dogara da ita, alhali mutum guda ne, Lasse Collin, ke kula da ita a lokacin hutunsa. Da gajiya ta kama shi, sai wani da ke kiran kansa Jia Tan ya yi ta kawo taimako wajen shekara biyu, har aka amince aka ba shi ragama, sannan ya cusa ɓarauniyar ƙofa. A ƙarshen watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura na'urarsa tana jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi ya tona asirin kafin abin ya yaɗu. Ashe ba duk wanda ya gaji maƙera ba ne ya cancanci amana.

Dukan misalan nan suna komawa ga ƙa'ida guda, wadda Auguste Kerckhoffs ya wallafa a birnin Paris tun 1883: kwado nagari shi ne wanda ko abokin gaba ya san yadda aka ƙera shi ciki da waje, ba zai iya buɗe shi ba sai da mabuɗi. Shi ya sa tsarin lissafin AES, wanda TrueCrypt da VeraCrypt da BitLocker duka suke amfani da shi, aka zaɓe shi a gasa a bainar jama'a. Masana biyu ƴan ƙasar Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka tsara shi, Amurka ta amince da shi a 2001, kuma tun daga lokacin masanan duniya ke gwada ƙarfinsu a kansa. Saboda haka amana a wannan fage ƙafa uku gare ta kamar murhu: a iya buɗe kwadon a duba cikinsa, a sami mai gyara shi idan an ga aibi, sannan a san hannun da mabuɗi yake. In ɗaya ta goce, tukunya ta kife.

Yanzu mu dawo gida. Gundumomin Magarya da Dungas, waɗanda suke haɗe kafin a ba Dungas tata gunduma a 2011, suna cikin yankunan da ayyukan agaji suka fi zama a jahar Damagaram. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara tallafa wa kula da yara a Magarya tun 2005. Shirin Girma, wanda ƙungiyar CRS ta fara a 2018 da kuɗin hukumar USAID, ya shafi ƙananan hukumomi 11 na gundumomin biyu. Ban ce wani daga cikinsu ya yi sakaci ba. Abin da nake cewa shi ne, kowane irin aiki na zamani rajista yake yi: sunan maigida, yawan iyali, nauyin yaro, ciwon uwa, lambar tarho. Kuma kowane porje yana da ranar ƙarewa, wani lokaci ma ba tare da sallama ba, kamar yadda muka gani a 2025 da gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID kanta. Duk mun san famfunan da aka kafa a ƙauyukanmu da kiɗa da guɗa, suka yi shekaru suna ba da ruwa, ranar da ƙarfe guda ya karye aka rasa mai kayan gyara, mata suka koma rijiya. To, famfo idan ya mutu kowa yana gani. Kwadon na'ura kuwa idan ya tsufa ba ya nuna alama: yana buɗewa yana rufewa kamar jiya, alhali ɓarayi sun riga sun karanta labarin aibinsa.

Kada kuma a ɗauka wannan matsalar ƙananan ma'aikatu ce kawai. A watan Janairu na 2022 kwamitin Kurwa Ruj na duniya, CICR, ya sanar cewa an kutsa cikin na'urorinsa an kai ga bayanan mutane sama da dubu 515, cikinsu har da waɗanda yaƙi ya raba da iyalansu. Masu kutsen sun bi ne ta wani rami da aka riga aka sani a wata manhaja, wanda gyaransa ya fito amma ba a kai ga ɗora shi a kan lokaci ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kuma galibin na'urorinmu na hannu ne, ana shigo da su daga kasuwannin Kano ɗauke da tsohuwar Windows. Microsoft ta daina kula da Windows 7 a watan Janairu na 2020, ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga watan Oktoba na 2025, ban da ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga waɗanda suka yi rajista. Kwado mai kyau a jikin ƙyauren da gara ta cinye ba ya tsare kome.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane mai lamba 2017-28 ranar 3 ga watan Mayu na 2017, wadda ta haifar da hukumar HAPDP, sannan aka sabunta ta da doka mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga watan Disamba na 2022. Dokar ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. Ba ta ce nauyin yana sauka ranar da mai ba da kuɗi ya hau mota ba.

Ga amsata ga dattijo magatakarda, da duk mai irin damuwarsa. Asirin mutanenka bai tonu ba don kawai maƙeri ya tafi. In an sace na'urar tana kashe, kuma kalmar buɗewarka doguwa ce, ɓarawo ba zai karanta kome ba. Amma kada ka zauna a kango. Ka nemi wanda ya san aiki, ya buɗe tsohon kwadon, ya kwashe kayan zuwa wanda ake kula da shi. A kula da wannan: tun sigar 1.26 da ta fito a 2023, VeraCrypt ba ta buɗe abin da aka kulle da TrueCrypt, saboda haka da tsohuwar manhajar za a buɗe a kwashe, kuma kada a share tsohon sai an tabbata sabon yana buɗewa. Wanda ya zaɓi BitLocker ya sani cewa tushenta ba a fili yake ga kowa ba, kuma mabuɗinta na ko-ta-kwana mai lambobi 48 sau da yawa yana ajiye ne a asusun mutum da ke hannun Microsoft. Ya binciki inda nasa yake. A ajiye kwafi na biyu, shi ma a kulle, a wani gida dabam. A rubuta kalmar buɗewa a rufe cikin ambulan a damƙa wa amintattu biyu na ƙungiya, domin rai ba ya sallama, kuma wanda ya mutu da mabuɗi kamar wanda ya binne tukunyar kuɗi ne bai faɗa wa kowa ba. Amma kada takardar ta kwana jaka ɗaya da na'urar: lokacin da aka tsare David Miranda a filin jirgin Heathrow a watan Agusta na 2013 ɗauke da faifan da aka kulle da TrueCrypt, hukumomin Ingila sun shaida wa kotu cewa sun sami wata kalmar buɗewa rubuce a takarda a tare da shi. Daga ƙarshe, abin da ba a bukata a share shi. Sunan da ba a ajiye ba, ba a sace shi.

Ga hukumominmu kuma, tun daga magadan gari har zuwa shugabannin gidajen likita, ina roƙon abu guda. Ranar da za a karɓi kyautar na'ura, kafin a yi tafi a ɗauki hoto, a tambayi mai kawowa: wace manhaja ce a ciki, wa ke kula da ita, wa ke riƙe da mabuɗi, kuma ranar da kuka tafi wa za mu kira? A rubuta amsar cikin yarjejeniya. Matar da ta faɗi ciwonta ga malamin asibiti, da manomin da ya sa hannu a takardar bashi, ba kamfanin da ke wata uwa duniya suka ba amana ba. Mu suka ba.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.